Shimfiɗa yumɓu a gindin juji: abin da masana suka tsayar

Ruwan da ke tsatsowa daga ruɓaɓɓiyar shara shi ne abin tsoro, domin idan ya nutse ƙasa rijiyoyin maƙwabta yake tararwa. Shi ya sa shawarar farko ita ce a daɓe gindin ramin jujin da yumɓu mai kaurin santimita 60, kamar yadda dokar Amurka ta tanada, sannan a ɗora baƙar ledar HDPE, wato roba mai ƙarfi da ke tare ruwa, mai kaurin milimita 1.5.

Sai kuma yadda ake daɓen. Ba a zuba yumɓun gaba ɗaya. Hawa-hawa ake yi, kowane hawa kamar santimita 15 bayan dannewa, a tsince duwatsu, a farfasa dunƙulallen yumɓu, a jiƙa shi daidai yadda zai dunƙulu a hannu. Rola, wato motar daɓe, mai ƙusoshi ce ta dace, don tana cuɗa sabon hawa da na ƙasa. Mai sulɓi takan bar kafa tsakaninsu, ruwa kuwa ta nan yake bi.

Babban abokin gaba shi ne bushewa. Yumɓun da aka bari a rana ko iskar hunturu yakan dare cikin 'yan kwanaki, kuma yayyafi ba ya haɗe tsagar. A rufe shi da wuri.

Inda yumɓu mai kyau ya yi nisa, akwai tabarmar bentonait, wato shimfiɗa mai ɗauke da wani yumɓu da ke kumbura ya toshe hanyar ruwa idan ya jiƙe, sai dai ruwa mai yawan sinadarin kalsiyam yana rage mata kumburi. A karkata gindin da kashi 2 cikin 100, a sa tsakuwa da bututun janye ruwa, kada ruwan sharar ya taru sama da santimita 30.