Albashi da obataim na famasis a asibitocin Amurka: abin da na tsinta daga wata hira

To jama'a ga abin da na kwaso daga wata mahawara da aka yi kan albashi da obataim (kuɗin aikin ƙarin lokaci) na famasis, wato masana haɗa magunguna, a asibitocin Amurka. Abu na farko da kowa ya nanata, kafin ka sa hannu a takardar aiki ka tambaya biyan awa-awa ne ko albashi ne dunƙule, don a nan wasan yake. In na awa ne, dokar tarayya ta FLSA ta ce duk awar da ta haura 40 a sati kuɗin awa ɗaya da rabi za a biya ka, amma in dunƙule ne galibi sai a sa ka sahun ƙwararru, ko ka kwana a asibitin ba ko sisi. Wasu asibitocin kuma lissafin sati biyu suke yi, abin da ya wuce awa 8 a rana ko 80 a kwana 14 shi ne obataim. Kalifoniya daban take, can yawancin famasis na samun obataim.

Su kuwa masu residensi, wato horon aiki bayan kammala digiri, PGY1 (shekarar farko) da PGY2 (ta biyu), gaskiya su ne abin tausayi, alawus ake ba su wanda sau da yawa bai wuce rabin na cikakken famasis ba, obataim kuma ka manta. A ƙa'idar ASHP, ƙungiyar famasis ɗin asibitoci da ke tantance shirin residensi, awa 80 a sati ce iyaka idan an raba a kan sati huɗu, kuma aikin gefe na neman ƙari ma a ciki ake ƙirgawa, sai da izinin daraktan shirin.

Ƙarin kuɗin dare da na ƙarshen mako ba doka ce ta tilasta ba, tsarin asibiti ne, ka sa a rubuta maka shi, kar ka yarda da na baki.