Abin da mata suka ce kan maganin endometiriyosis da ƙiba

A wani zaman mata a Tudun Wada, Zariya, hira ta karkata kan endometiriyosis, ciwon da nama mai kama da shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajenta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana damun kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa. Abin da ya fi damun kowa shi ne yadda magungunan homon (sinadaran jiki masu sarrafa al'adar mata) da ake ba masu ciwon ke sauya jiki.

Masu allurar Depo-Provera ta wata uku-uku sun koka da ƙiba. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce, “Yaya, kar ki tsaya kan sikeli kawai, allurar tana rage ƙarfin ƙashi ma.” Allurar Zoladex ta fi tsanani a nan, domin tana sauke homon ɗin mace kamar an kai shekarun daina al'ada: zufa cikin dare, ƙashi na raguwa. Shi ya sa ba a cika wuce wata 6 ba sai an haɗa da maganin da ke rage waɗannan illolin.

Maganin Danazol kuwa yana rage kitse mai amfani a jini, yana ƙara marar amfani, yana iya kaurara murya, kuma wani lokaci muryar ba ta dawowa. Ni dai a ganina, wannan ba na saye a kemis ba ne ko kaɗan.

An yi ittifaƙi a auna hawan jini, sukari da kitsen jini kafin a fara maganin, musamman wadda ake da mai ciwon sukari a gidansu. A riƙa shan kindirmo ba sukari, da tafiyar ƙafa bayan la'asar. Wadda jikinta ya sauya ta koma wajen likitan mata, a asibitin koyarwa na Shika ko wani, kar ta yanke maganin da kanta.