Musayar Waƙa: Zane Ɗaya, Benci Ɗaya

'Yar Auta:

Mama, ina da magana, ki saurara,
Ran Laraba na zo, aka ce na makara,
Ban ko zauna ba sai aka ci ni tara,
Haka ake riƙon 'ya'ya a zumuntar mata?

Na baro ofis, ga rana tana duka,
Zanen zumunta na mance shi a ɗaka,
Aka ce in koma bencin baya, haka?
Ni da na ci digiri a makaranta!

Mama Dattijuwa:

'Yata, sannu, matso ki zauna kusa da ni,
Digirinki albarka ne, ba abin raini,
Amma zanen nan da kike wa gani-gani,
Shi ke rufe talauci, ya rufe wadata.

Matar ciyaman da mai tuyar ƙosai,
In sun ɗaura, wa zai rabe su sosai?
Benci guda, waƙa guda, shi ke nan kawai,
Ba mai cewa ku tashi, nan kujerata.

A Garkida, 1923, gindin tsamiya,
'Yan mishan Kulp da Helser suka yi sujada da mabiya,
Abin da suka kawo muna riƙe da shi gaba ɗaya,
Har wankin ƙafa, ba mu yarda ya ɓata.

Buɗe Yohanna 13, ki ga Mai Ceto,
Ya ɗaura tawul, ya sunkuya gaban daro,
Bitrus ya ce a'a, ya ja ƙafa don tsoro,
Aka ce in ban wanke ka ba, rabonka ya fita.

Yaya Magatakarda:

Mama, gafara dai, ni ke riƙe da littafi,
Sunan mai latti duk yana cikin shafi,
Na ga manya sun makara, an ɗaga musu ƙafa, an ce ba laifi,
Ƙanwata kaɗai aka ga damar hukunta.

Ka'idar da ta kama ƙarami ta saki babba,
Ko an kira ta tawali'u, ni ban yarda ba,
Bulus a Antakiya bai rufe baki ba,
Gaban kowa ya faɗa wa Bitrus ya karkata.

Mama Dattijuwa:

Kin faɗi gaskiya, ba zan kāre kowa ba,
Amma Matiyu 18 ba ki manta ba?
Ki je gun mai laifi ku biyu, ba a kasuwa ba,
In ta ƙi, ki ƙara shaida, kafin jama'a ta ji ta.

Mama Nas:

Ku ba ni wuri, ni ma in sa baki,
Mu masu kwana asibiti kan aiki,
Ƙarfe huɗun yamma na yi mana cikas da saki,
Ba taurin kai ba ne ke hana mu halarta.

A Ayyukan Manzanni 6 an yi gunaguni,
Gwauraye mata ba sa samun rabon yini,
Manzanni ba su ce ku yi shiru don imani,
Mutum bakwai suka sa a zaɓa, hidima ta daidaita.

Yaya Magatakarda:

To, na sa batun lokaci a taron wata,
Mama Nas, ki zo da sauran masu dutinki,
Auta, ke za ki fara magana, shirya bakinki,
Mama, ke za ki ƙirga hannuwan mata.