Wufata yau garau, gobe kamar an lulluɓe ta da bargo

Na Ɗorayi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana damuna, ina so in ji ko ni kaɗai ne. Ina da wufa mai sifika biyar a falo, shekara uku ke nan da na saye ta. Da safe karatun Alƙur'ani nake sawa, da daddare kuma tsofaffin waƙoƙin kalangu da gurmi da mahaifina yake so lokacin yana raye. Wata rana sai in ji komai garau, kamar a tsakar gidana makaɗin yake zaune. Washegari filashi ɗaya, waƙa ɗaya, ban taɓa komai ba, sai muryar ta dushe, gangar ta koma kamar ana dukan kwali. Sau biyu na kai wa mai gyara, ya ce lafiyarta ƙalau. Don Allah duk wanda ya taɓa ganin haka ya faɗa mana yadda tasa ta kasance.

Mai gyaran rediyo, Sabon Gari: Wa'alaikumussalam Malam. Wanda ya ce maka lafiyarta ƙalau bai yi maka ƙarya ba, a shagonsa ya gwada, da wutar shagonsa. Irin wannan ƙorafin na sha jin sa, kuma abin da nake fara tambaya shi ne: ƙarfe nawa take yin haka? Wutar da ya kamata ta shigo gida bolt 230 ce. Amma daga magariba zuwa goma na dare, kowa ya dawo gida, firij, dutsen guga, hita, injin jan ruwa, duk a kan tiransifoma ɗaya. A gidana na sha sa mitar auna wuta in ga 180. Wufar da ke da tiransifoma mai nauyi a cikinta, ƙarfinta yana bin ƙarfin wutar da aka ba ta, kuma ba kaɗan take raguwa ba: daga 230 zuwa 180, kusan kashi 40 cikin 100 na iyakar ƙarfinta ya tafi. Abin da ke fara mutuwa shi ne bes, wato sauti mai kauri irin na ganga, domin shi ya fi cin wuta. Kai kuma da ka ji ta yi sanyi sai ka ƙara murɗawa, sai ta fara kakkarwa. Ka duba bayanta. In an rubuta 100 zuwa 240, wannan irin ba ta cika damuwa da raunin wuta ba. In 220 ko 230 kaɗai ka gani, to ga inda za ka fara nema.

Wani abu kuma, ƙaramin janareta da inbata mai araha suna sa ta yin wani gunji a ƙasa-ƙasa ko da ba ka sa komai ba. Wannan ba lalacewa ba ce.

'Yar Gwale: Ni tawa ba wuta ba ce, sola muke amfani da ita. Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah na cire labulaye duka na ba da wanki, na naɗe kafet, aka fitar da kujeru tsakar gida a kakkaɓe. Da na kunna tafsiri ina goge tayil, wallahi sai da na ɗauka yara sun taɓa wani abu. Muryar malamin tana amsa-kuwwa, wasu kalmomin ba na ma rarrabe su, ga wani kaifi yana sukar kunne. Ranar jajibere aka mayar da komai, sauti ya dawo yadda na san shi. Tun daga nan na fara lura. Ranar da falo ya cika da baƙi ma daban take, ta fi taushi. Yaya na Ɗorayi, ka tambayi uwargida ko tana canza wa sifikun wuri in tana shara. Tawa in aka matsa da ita jikin bango ko lungu, bes ɗin yawa yake yi har ya danne magana.

Mai adaidaita, Kurna: Ni dai na gano kunnena ne. Daga bakwai na safe ina kan titi, Bata, Ƙofar Ruwa, titin Katsina, hon ta gaba, hon ta baya, ga ƙarar injin a ƙarƙashina. In na dawo gida kunnen nan yana wani shuuu, duk abin da na kunna sai in ji shi can nesa. Ranar da ban fita ba kuwa, da la'asar in kunna, sai in ce ashe haka abin nan yake da daɗi.

Ma'aikaciyar jinya: Malam mai adaidaita, wannan shuuu ɗin kada ka raina shi. Kunne in ya wuni cikin ƙara mai ƙarfi, jinsa yana raguwa na ɗan lokaci, musamman ga siraran sautuka, sai ya huta ya dawo. Amma in kullum ne shekara da shekaru, wata rana ba zai dawo ba. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a wuraren aiki shi ne desibel 85 na tsawon awa 8, abin da ya wuce haka yana cutarwa. Masu injin niƙa da masu walda duk suna cikin wannan. In ka dawo a haka, kada ka ƙure wufar don ka ji, ƙara wa kunnen gajiya kake yi.

Sannan ga hunturu. Akwai wani siririn bututu da ya haɗa cikin kunne da bayan hanci. Mura ko ƙura ta sa shi ya kumbura, sai kunne ya toshe kamar ka shiga ruwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu mutane da yawa a garin nan a haka suke yawo ba su sani ba. Kuma don Allah a daina sa tsinken ashana, tura dattin ciki yake yi.

Ɗan Fagge: Ku duba waƙar ma. Wadda aka tura maka a shago ko ta WhatsApp sau da yawa an matse ta. Ina da waƙa ɗaya kwafi biyu a waya, ɗaya an rubuta mata 128 ɗaya 320, mai ƙaramar lambar ita aka fi matsewa, na daɗe ban gane dalilin da ya sa wani lokaci take daɗi wani lokaci ba ta yi ba. In kuma ta intanet kake ji, netiwok na yin rauni manhajar takan rage ingancin da kanta.

Malamin kimiyya, Tarauni: Zafi da sanyi suna da nasu, amma a ganina bai kai yadda ake zato ba. Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa in zafi yana digiri 20, ya kai wajen 355 a digiri 40 irin na watan Afrilu. A falo wannan bambancin ƙanƙane ne. Robar bakin sifika takan ɗan ƙage da sanyin asuba, ƙura kuma takan shiga maɓallin ƙara ta sa shi ƙarƙar. Abin da na fi yarda da shi shi ne hayaniyar unguwa. Fanka, janaretan maƙwabci, babura, duk gurnani suke yi a ƙasa, daidai inda ganga take, sai su haɗiye ta. Ƙarfe sha ɗaya na dare gari ya yi tsit, ka ji abin da da rana ba ka ji. Kuma tun 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa in aka rage ƙara, kunnen ɗan Adam bes yake fara rasawa. Ɗan murɗa kaɗan da yaro ya yi ya isa ya canza maka ɗanɗanon waƙar gaba ɗaya. Ka yi wa maɓallin alama da biro.

Na Ɗorayi: Allah ya saka da alheri, na dawo da labari. Na ari mita, na yi alamar biron, na zaɓi waƙar gurmi ɗaya ina sa ta kullum sau biyu har kwana takwas. Bayan wufar 220 kaɗai aka rubuta. Da asuba wuta tana kaiwa 215, da isha'i na ga 178, kuma a lokacin ne gangar ke komawa kwali. Na kashe fanka na minti ɗaya, rabin abin da na rasa ya dawo. Hajiya 'yar Gwale, kin yi gaskiya, babbar akwatin wufar an tura ta lungu bayan kujera tun watan jiya, na jawo ta. Kwana biyu cikin takwas ɗin ina da mura, ko da asuba ba ta yi min daɗi ba, ga wuta lafiya lau. Daren Juma'a wajen sha biyu wuta ta cika, unguwa shiru, na sa waƙar da Baba ya fi so, na ji har ƙarar yatsan makaɗin a kan tsirkiya, abin da rabona da ji tun ina yaro a ɗakinsa. Malam na Sabon Gari, ranar Asabar zan shigo in Allah ya yarda. Sitabilaiza mai wane girma zan nema, wufar da talabijin kaɗai zan ɗora mata?