Ina so in kai yara Yankari daga Legas, wane lokaci ya fi?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Yarana uku duk a nan Agege aka haife su, jiya autan ya tambaye ni wai da gaske akwai giwa a Najeriya ko sai a talabijin, wallahi maganar ta tsaya min a rai. Iyakar abin da suka taɓa gani birai ne a Lekki ranar da muka hau gadar igiyar nan. In mun je gida hutu ina so in kai su Yankari, dan Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa min lokacin da ya fi, kuma ana ganin giwayen kuwa?

Baffa Mile 12:
Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Ni ɗan Alkaleri ne, dajin a ƙaramar hukumarmu yake. Kar ka soma zuwa da damina, ciyawa ta rufe ko'ina ga ruwa a kowane kwari dabba ba ta da dalilin fitowa, sai ku wuni a mota ba ku ga komai ba. Ka bari sai rani ya yi nisa, Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin tafkuna sun ƙafe sai kogin Gaji ya rage, to nan ɓauna da gwanki da gwambaza ke gangarowa shan ruwa, dorina kuma tana ciki a kwance. Giwa kam rabo ce, daji ne mai murabba'in kilomita sama da 2,200 ba gidan zu ba, ni sai a zuwa na uku na gansu, garke guda da 'ya'yansu, har yau ban manta ba. Daga Bauchi hanyar Gombe za ka bi, a Dindima ka karya.

Maman Ummi:
Baban yara, ko ba ku ga giwa ba ruwan Wikki kaɗai ya isa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, garai-garai kana hango yashin ƙasa, nawa yaran da kyar muka fito da su. Amma fa a kula da gwaggon biri, kar yaro ya riƙe leda a hannu kuma a riƙa rufe ƙofar ɗaki, a gabana ɗaya ya fizge burodi ya haye bishiya.

Baffa Mile 12:
Gaskiya ne Hajiya. Kuma ku fita zagayen safe, da rana ta take duk sun shige inuwa. Tun 1956 aka keɓe dajin nan amma mafarauta ba su bar shi ya huta ba, abin na damuna sosai, ku je yara su gani da idonsu.

Ɗan Agege:
Na gode Baffa, na gode Hajiya, Allah ya saka. Hutun makaranta na Afrilu ke nan in sha Allah. Kwana biyu zai isa ko mu yi uku?