Tambaya kan Russell Okung da ƙartin layin gaba a ƙwallon Amurka

Ɗan Anguwan Rogo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah waɗanda suka san ƙwallon Amurka ɗin nan da ake sa hular kwano ana gware, ina da tambaya kuma da gaske nake yinta. Ƙanina ne ya ɗaga mana hankali a gida, shekararsa 17, saura masa shekara ɗaya ya gama sakandare, Allah ya ba shi jiki don ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba ga kuma faɗin ƙirji, da ƙwallon kwando yake yi, yanzu kuma ya ce shi so yake ya zama irin wani Russell Okung wai iyayensa 'yan Najeriya ne. Ya nuna min bidiyon mutumin a waya na kalla har ƙarshe, wallahi ko sau ɗaya ban ga ya taɓa ƙwallo ba, kawai ya tsuguna ne a layi, ana fara wasa ya tare wani ƙato su yi ta ture-ture shike nan. Amma yaron ya rantse min miliyoyin daloli aka biya shi.

To ni abin da nake son sani, shi wannan mutumin ta ina ya bi har ya kai can, makaranta ce ko kulob ne ya ɗauke shi tun yana yaro kamar yadda ake yi a Turai? Kuma mene ne aikinsa a fili da har ya kai wannan kuɗin? Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, Hajiya ni ta bar wa magana, bana son in hana yaro abin da zai amfane shi kuma bana son in bar shi ya watsar da karatu a banza.

Malam na Bauchi Road ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya jiƙan mahaifinku. Ka yi daidai da ka tambaya. Na daɗe ina bin wasan nan, ko fanal ɗinsu da ake farawa bayan sha biyun dare agogonmu a cikin sanyin Fabrairu na Jos bana bari ya wuce ni.

Farko dai aikinsa. Mutum biyar ne a layin gaba, ɗaya a tsakiya shi ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, biyu a gefensa, sai biyu a can ƙarshen layi dama da hagu. Okung shi ne na ƙarshen hagu. Mai jefa ƙwallo, wato kwatabak, in badame ne to lokacin da ya juya zai yi jifa bayansa yana ɓangaren hagu, ba ya ganin wanda ke zuwa ta nan, kuma abokan hamayya a nan suke ajiye wanda ya fi kowa gudu da ƙarfi. To duk lafiyar kwatabak ɗin tana hannun mutum ɗaya, in ya kauce na daƙiƙa guda an kwantar da wanda kulob ya fi kashe wa kuɗi. Doka ma ta hana a jefa musu ƙwallo, shi ya sa lambar rigarsu take tsakanin 50 da 79, tasa 76 ce.

Ka koma ka sake kallon bidiyon amma ƙafafunsa za ka kalla. Za ka ga ƙafar hagu ta harba baya ta dama ta biyo ta a ƙasa ba tare da sun haɗe ba, gwiwa a lanƙwashe, baya a miƙe, hannaye a ƙirji yana jira, sai mutum ya iso sannan ya dunguro shi da tafin hannu biyu a tsakiyar ƙirji. Mutum mai kilo wajen 140 ne fa yake ja da baya da wannan saurin. In ya riƙe rigar mutum ta waje alƙali ya gani an maida su baya yadi 10, in ya motsa kafin a fara yadi 5. Ya fi kama da kokawarmu ta gargajiya, wanda ya fi ƙasa da ƙugu kuma ya riga sa hannu a ciki shi ke da nasara.

Maganar hanya kuma, can babu akademin kulob irin na Turai, makaranta ce hanyar. A yankin Houston na jihar Texas ya tashi, ya buga wa sakandarensa, jami'ar Oklahoma State ta ba shi sikolashif ya shiga 2006 a ƙarƙashin koci Mike Gundy. Tun shekarar farko aka fara sa shi cikin 'yan farko, wanda ba kasafai ake yi wa ɗan layi ba don yawanci sai yaro ya shekara yana ɗaga ƙarfe yana ƙara jiki, ya buga wasa 47 a jere yana cikin masu farawa. A 2009 aka zaɓe shi cikin gwanayen jami'o'in ƙasar gaba ɗaya kuma shi ne gwarzon ɗan layi na rukunin Big 12. Duk shekara huɗun nan ba albashi, karatu da abinci da ɗaki kawai, don sai a 2021 aka fara barin 'yan wasan jami'a su ci kuɗin talla da sunansu. Kuma in makinka ya faɗi a aji ba za ka buga ba.

Ita NFL, babbar gasar ƙwararrun wasan a Amurka, ba ta ɗaukar yaro sai ya shekara uku da barin sakandare. Kowace shekara kulob 32 suna zaɓen sabbin 'yan wasa zagaye bakwai, wanda ya fi shan kashi bara shi ke fara zaɓa. A 2010 Seattle Seahawks suka ɗauki Okung na 6 a duk ƙasar, don babban ɗan hagunsu Walter Jones yana gab da ritaya, ya kuma yi ta a watan Afrilun shekarar. Ka ga kenan duk abin da ƙaninka yake gani ta aji ya biyo.

Ɗan Bukuru mazaunin Kubwa ya amsa:

Malam ya gama bayanin makaranta, bari in ɗora da na kuɗi don nan ne yaranmu suke ruɗewa. Kwantiraginsa na farko shekara 6 ne kan dala miliyan 48 da ɗoriya, kuma ya taki sa'a don daga 2011 aka sa wa sabbin shiga iyakar albashi, su ne 'yan ƙarshe da suka ci wannan garaɓasar. Amma jikinsa bai bar shi ya huta ba, shekarar farko idon sawu, wasa 10 kawai ya buga cikin 16, ta biyu naman ƙirjinsa ya yage a wasa da Philadelphia a watan Disamba, 2012 ya samu lafiya har aka zaɓe shi Pro Bowl, wato wasan gwanayen shekara, 2013 kuma ɗan yatsan ƙafa ya zaunar da shi rabin kaka. Ya dawo dai ya tsare bayan kwatabak Russell Wilson yana buɗe wa mai gudu da ƙwallo Marshawn Lynch hanya har suka lallasa Denver 43 da 8 a fanal ɗin NFL, wato Super Bowl, na Fabrairun 2014. Shekarar da ta biyo suka sake zuwa fanal New England ta cinye su 28 da 24, saura yadi ɗaya su ci aka tare musu jifa.

To abin da ya sa ni bana mantawa da shi, a 2016 da kwantiraginsa ya ƙare ya ce shi ba ya buƙatar ejan, da kansa zai yi ciniki, alhali kafaɗarsa ta goce a wasansa na ƙarshe sai da aka yi masa aiki. Ya sa hannu da Denver Broncos aka buga a labarai shekara 5 dala miliyan 53. Da aka duba takarda ashe babu ko sisi na tabbas, shekara ɗaya ce ta miliyan 5, sauran shekara huɗun ta miliyan 48 sai in kulob ya ga dama. Ya buga duka wasa 16 a karon farko a rayuwarsa, amma duk da haka Denver suka ce sun fasa. A NFL adadin da ake faɗa a labarai ba shi ne kuɗinka ba, abin da aka rubuta na tabbas shi ne naka, ana iya sallamarka gobe. Ni a ganina ganganci ya yi, ejan kashi 3 cikin 100 ne iyakar abin da zai karɓa, ka ɗora jikin da aka yi wa tiyata a kan takardar da ba ta da garanti saboda kashi 3?

Malam na Bauchi Road ya sake amsawa:

A'a Alhaji ban yarda da kai a nan ba. Ka faɗi rabi ka bar rabi. Da Denver suka sake shi a Maris 2017 Chargers suka ba shi shekara 4 dala miliyan 53 kuma miliyan 25 na tabbas, ya sake zuwa Pro Bowl a wannan shekarar. Mutumin da kowa ke cewa ba ya gama kaka lafiya, wa zai ba shi garanti mai kauri a 2016 ko da ejan goma? Ya san abin da ake zarginsa da shi, ya je ya nuna, kasuwa ta buɗe masa. Na yarda da ya karye a Denver da ya yi asara babba, amma mutum ne mai karanta takardarsa da kansa kuma ni wannan nake so yaranmu su gani a wurinsa. Ko maganar Bitcoin da aka fi saninsa da ita, a ƙarshen 2020 lokacin yana Carolina Panthers ya sa ana juya masa rabin albashinsa na dala miliyan 13 zuwa Bitcoin, kulob dala suka biya, wani kamfani Strike ne ke canzawa. Bana ba kowa shawarar ya yi haka da kuɗinsa, shi yana da rarar da zai iya jure faɗuwa.

Maman Ilham, Rikkos, ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari Malam da Alhaji. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma uwa, dan Allah ɗan'uwa ka karanta wa Hajiya wannan ɓangaren ma. Shi Okung ɗin a watan Yunin 2019 ya ji ciwon ƙirji bayan atisaye, da aka duba gudan jini ne ya toshe masa jijiya a huhu, abin da ke kashe mutum farat ɗaya in ba a gano da wuri ba, sai ƙarshen Oktoba ya koma fili. 2020 ce kakarsa ta ƙarshe, kuma bayan ya bari sai da ya zubar da sama da kilo 40, duk wanda ya ga hotonsa na yanzu ba zai gane shi ba. Wannan jikin da kuke gani ɗora shi ake yi da ci saboda aiki, gwiwa da zuciya ke ɗaukar nauyin.

Sai maganar kai. 'Yan layi su ne kansu ke haɗuwa da na wani kusan duk lokacin da aka fara wasa. Akwai Mike Webster ɗan tsakiyar layin Pittsburgh Steelers, ya ci Super Bowl huɗu, ya rasu 2002 yana da shekara 50 bayan ya sha fama da mantuwa da ruɗewar tunani. Likitan da ya binciki ƙwaƙwalwarsa ya gano cutar da yawan bugun kai ke jawowa ɗan Najeriya ne, Dakta Bennet Omalu, a jami'ar Nsukka ya yi karatun likita. Ban ce a hana yaro ba, amma kar a bar shi ya fara cusa abinci da maganin ƙara jiki na kemis da sunan shiri, na ga yara a asibiti da suka lalata ƙodarsu da irin waɗannan ƙwayoyin.

Ɗan Anguwan Rogo ya dawo:

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya, Anti na gode zan karanta mata. Malam tambaya ɗaya ta rage, shi Okung a can aka haife shi, yaron da yake Jos fa, akwai wanda ya taɓa tashi daga nan gida ya shiga?

Malam na Bauchi Road ya amsa:

Akwai, amma ƙofar ƙarama ce. Chukwuma Okorafor a Najeriya aka haife shi, iyayensa suka koma Amurka yana saurayi, ya yi sakandare a Michigan ya buga wa jami'ar Western Michigan, Steelers suka ɗauke shi zagaye na uku a 2018, ka ga shi ma ta makaranta ya bi. Hanya ta biyu shirin NFL ne na 'yan ƙasashen waje da aka fara 2017, Osi Umenyiora tsohon ɗan wasan New York Giants shi ke jan ragamar neman yara a Afirka, sun yi sansanin gwaji a Ghana 2022, Kenya 2023, Legas 2024. Ta hannunsa Roy Mbaeteka wanda ɗan kwando ne kamar ƙaninka ya samu sa hannu da Giants a 2022 bai taɓa buga wasan a makaranta ba. Amma sa hannu daban shiga fili daban, ko Jordan Mailata na Ostireliya da ya fi kowa cin moriyar shirin, an ɗauke shi 2018 sai 2020 ya fara buga wasan gasa, shekara biyu yana koyon tsayuwa da sa hannu.

Abin da zan ce ka yi, kar ya bar kwando don ita ke gyara ƙafa kuma masu neman 'yan layi ƙafa da tsawon hannu suke dubawa kafin nauyi. Ya zage ya ci WAEC da kyau musamman Turanci da lissafi, don jami'o'in can sai an tantance takardun sakandare kafin a bar yaro ya buga. Ku auna tsawonsa da nauyinsa da faɗin hannayensa in ya buɗe su, ku ɗauki bidiyonsa yana gudu da tsalle ku ajiye. Duk wanda ya zo muku da maganar ku biya kuɗin fom ko biza zai kai shi NFL ku rabu da shi. In kana gari ranar Asabar ka kawo shi filin Rwang Pam da safe, ina zuwa motsa jiki wajen ƙarfe bakwai, in ga yadda yake lanƙwasa gwiwa.