Musayar Waƙa: Mai Idon Kifi ta Madurai

Ɗan Makaranta: Salamu alaikum. Baba Malam ya ce in daina ba da labarin Indiya da fatar baki, in zuba shi a baiti. To ga na haikalin Minakshi, wato mai idon kifi, allahiyar Hindu, matar allahnsu Shiba. Wanda ya iya ya amsa.

Ku matso in ba ku labarin Madurai,
Birnin Tamil, can kudancin Indiya.

Kusa da kogin Baigai haikalin yake,
Hasumiya 14 sun doshi samaniya.

Ta kudu ta haura mita 50 a tsayi,
Jikinta siffofi, ja da kore da rawaya.

Masu bautar sun ce sarki Malayadwaja
Ya rasa magaji, ya hura wutar hadaya.

Sai ga 'yar shekara uku, Minakshi, daga cikin wutar,
Da nono uku, sarki ya kasa dariya.

Murya ta ce masa, rene ta kamar namiji,
Ran da ta ga mijinta, na ukun zai yi tafiya.

Ta hau karaga, ta ja runduna, ta ci ƙasashe,
Har dutsen Kailash na Shiba, ba ja da baya.

Suna haɗa ido nonon nan ya ɓace,
Jaruma ta sunkuyar da kai don kunya.

Uwar Biki:

Ƙanina ka yi ƙoƙari, amma ka bar biki,
Ina aka taɓa aure ba zancen abinci?

Tukwane sun cika maƙil, baƙi sun gaza,
Amarya ta ce wa ango, mutanenka ba sa ci.

Ya kira wada guda, Kundodara sunansa,
Ya share shinkafa har ƙanzo, ba sassauci.

Ƙishi ya taso masa, Shiba ya ce sa hannu,
Baigai ta ɓulɓulo, ya sha ya fita ƙunci.

Kuma maza ku ji, a can ita ake fara gaidawa,
Sannan a je wa miji. Madurai ta san mutunci!

Ɗan Makaranta:

Yaya, kin yi gaskiya, ni ma na shaida,
Na tsaya a can wajen ƙarfe tara na dare.

Takalmi a waje, ƙafa kan dutse mai sanyi,
Ƙamshin turare da malli, wani farin fure.

Sai ga doguwar algaitarsu da ganga,
An saɓo gunkin angon a kafaɗa, ana fifita tare.

Ɗakin matarsa za a kai shi ya kwana,
Da asuba a mai da shi, kullum sabon aure.

Ita koriya ce, da aku a hannunta,
Wanda ba Hindu ba kuwa, iyakarsa zaure.

Baba Malam: Yara, almara ta isa haka. Mu labari muke bayarwa, bautarmu ga Allah ɗaya. Ga abin da tarihi ya riƙe.

Almara ta yi daɗi, ga kuma na littafi,
Gidan nan ya sha wuya kafin ya huta.

Sarakunan Pandiya na rigimar gado,
Bango ya tsage, ƙadangare ya ga hanyar shigarta.

A 1311 Malik Kafur ya sauko daga Delhi,
Sarkin yaƙin Alauddin Khalji, ya kwashi dukiyarta.

Sai Kumara Kampana na daular Bijayanagara
Ya ƙwace garin, aka dawo da bauta.

Ginin da ka gani, yawanci na zamanin sarakunan Nayak ne,
Tirumalai a 1623 ya hau sarauta.

Zauren da ake kira mai ginshiƙi dubu,
985 ne, in ka tsaya ka lissafta.

Ɗan Talaka:

Baba, ka ƙirga sarakai har da ginshiƙai,
Ka tsallake Dalit, ajin da ake ƙasƙantarwa, da aka hana shigowa.

Ran 8 ga Yuli, shekarar 1939,
Lauya Baidyanata Ayyar ya ja su, ba tsayawa.

Shi ɗan Barahmin ne, ajin sama, ya kai su har ciki,
Wasu masu hidima suka yi fushi, suka bar zuwa.

Uwar Biki: Fushi kam ba a kansu aka fara ba. Ku ji na wan amarya.

A watan Chitirai, tsakanin Afrilu da Mayu,
Ake sake ɗaurin auren nan duk shekara.

Wan nata Alagar, wato allahnsu Bishnu, ya taso kan dokin zinariya,
Ya iso bakin Baigai, ashe ya makara.

Ya shiga ruwa, ya ƙi ƙarasawa cikin gari,
Wai don me aka ɗaura ba a yi jira!

Baba Malam:

Ɗana, akwai tafkin badon zinariya a ciki,
An ce nan mawaƙan dauri ke auna baitinsu.

Mai kyau ya yi iyo, maras kyau ya nutse,
Kai naka na Kailash mu ga ko ruwan zai ɗauke su.

Ɗan Makaranta:

Baba, na zauna a matakalar tafkin nan,
Takarda na aljihu, na ƙi fito da ita.

Ruwan da bai ɗaga wa mawaƙan Tamil ƙafa ba,
Ni baƙo ina zan kai masa tawa ya duba ta?